Kada "ki yi haƙuri" ya toshe mata baki

'Yan'uwana matasa, idan uwa ko yaya ko matar ɗayanmu ta shiga jinyar sankarar mama, yawancinmu kalma ɗaya muka iya: "ki yi haƙuri". Kalmar ba ta da laifi. Amma idan ita ce amsar duk abin da ta faɗa, sai ta gane ba a son jin kukanta, ta haɗiye shi. Macen da aka cire wa nono, ta tsaya gaban madubi tana kallon tabon ɗinki, ba wa'azi take nema a wannan sa'ar ba. Ku zauna kusa da ita, ku kife waya, ku ce: "Me ya fi damunki yau?" Sai ku yi shiru. Ban da labarin wance da ciwon ya kashe, ban da maganin da kuka tsinto a intanet.

Ku san jadawalin maganin, domin damuwar shi take bi. Kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin sankara, zagaye-zagaye ake yin ta, galibi duk mako 2 ko 3. Kwanakin farko bayan kowane zagaye su ne na tashin zuciya da mutuwar jiki. A nan ake rage 'yan dubiya, a ɗauke mata girki da hidimar yara. Kada ku ce "in kina buƙatar wani abu ki faɗa", ba za ta faɗa ba. Ku ce: "Ranar Talata ni zan raka ki asibiti." Gashi kan fara zuba mako 2 zuwa 3 bayan zagayen farko, ta farka ta gan shi a kan matashi. A yi zancen tun kafin ranar, a tanadi mayafi mai laushi, a tuna mata yakan dawo bayan an gama. Miji kuwa, in ya ƙaurace mata don gudun takura, ita ƙyama za ta ɗauka. Ya buɗe baki ya faɗi abin da ke ransa.

Wani faɗan ma na magani ne. Dexamethasone da ake haɗawa don hana amai yana hana barci, yana sa saurin fushi. Tamoxifen, ƙwayar rage haɗarin dawowar ciwon da ake sha shekara 5 zuwa 10, yana kawo zufar dare da sauyin hali. Ku daina rama mata magana.

Wasu asibitocin ciwon daji suna da ma'aunin damuwa daga 0 (ba damuwa) zuwa 10 (damuwa mafi tsanani). Ku riƙa tambayarta duk mako: in ta ce 4 ko sama, a gaya wa likitanta. Haka in ta yi mako 2 cikin baƙin ciki, ba abin da ke ba ta sha'awa, ko ta fara ƙin zuwa karɓar magani, a nemi a haɗa ta da likitan ƙwaƙwalwa ko mai ba da shawara. Wannan ba hauka ba ne, ba kuma raunin imani ba. In ta ce gara ta mutu, ranar ake kai ta asibiti, kuma ba a barin ta ita kaɗai. Kada wanda ya sayo mata maganin damuwa da ka: paroxetine da fluoxetine suna iya rage ƙarfin tamoxifen.

Ranar da aka gama magani kowa yakan yi barka ya watse, alhali a lokacin ne tsoron dawowar ciwon ke tasowa, musamman daren da gobe za a yi mata hoto. Ku rubuta ranakun komawarta asibiti a wayarku, ku kira ta tun ana gobe.