Kishiyar "bum" ba "work" ba ce a ko da yaushe

Abin yana damuna yadda ɗalibai da yawa a unguwannin Agege da Idi-Araba na Legas masu shirin jarrabawar shiga jami'a ta JAMB suke ɗauka kowace kalmar Turanci kishiya ɗaya tak gare ta, a haddace a wuce. Ba laifinsu ba ne, domin haka littattafan share fage suke jera kalmomi bibbiyu. Shi ya sa idan aka tambayi kishiyar "bum", nan take sai ka ji an ce "work".

Amsar tana da gaskiya, amma a ma'ana ɗaya kawai. A Turancin kan titi, musamman na Amurka, kalmar "bum" tana nufin zaman kashe wando, tana kuma nufin maula, wato karɓar abin wani ba da niyyar biya ba. Ma'ana biyu ke nan, kuma kowacce da kishiyarta.

Ɗauki saurayin da ke wuni a bakin kasuwar Mile 12 yana kallon 'yan dako suna sauke kwandunan tumatir. Idan zamansa ake magana, kishiyar ita ce "work" ko "toil", aikin da ke fitar da gumi. Idan kuwa kullum sai ya roƙi mai shayi kuɗin mota, to maganar ta koma kan hannun da ke karɓa, kishiyar kuma ta zama "give", "pay" ko "earn". Haka "mooch" take, ita ma tana ɗauke da ma'anonin nan biyu.

Don haka ɗalibi ya karanta jimlar gaba ɗaya kafin ya zaɓi amsa, domin a jarrabawa ma'anar kalma a cikin jimlar ake tambaya.