Kifin da ke kai wa ƙwansa iska

Madalla da labarin da kuka kawo mana kan kifin taɓo na dausayin bakin teku. Kun ce yana tafiya a tudu har ya hau saiwar itace, gaskiya ne, amma kun bar abin da ya fi taɓa min zuciya.

Namijin yana haƙa rami da bakinsa, ya ɗebo laka ya tofar a waje, dunƙule bayan dunƙule. Can ciki macen ke zuba ƙwai. To, lakar nan ba ta da isasshiyar iskar shaƙa, shi ya sa idan ruwa ya janye sai uban ya cika baki da iska, ya nutsa, ya sake ta a ɗakin ƙwan, ya koma ya ɗebo wata. Haka zai yi ta zirga-zirga kwana da kwanaki. Lokacin ƙyanƙyasa kuma shi ke kwashe iskar, sai ruwa ya cika ramin. Ikon Allah!

Har ta fata yake numfashi, muddin tana da danshi, shi ya sa yake birgima cikin taɓo. Don Allah ku yi mana bincike kan sare itatuwan gaɓar teku, domin idan suka tafi, ina zai haƙa raminsa?