Yadda Na Zama Gwanin Ɗaukar Hoton Bindi

Idan ana neman wanda ya fi kowa tara hotunan bayan dabbobi, a zo a same ni. Ina da bindin gwanki. Ina da ɗuwawun mugun dawa yana gudu, wutsiyarsa a miƙe sama kamar eriyar rediyo. Ina da ƙurar da barewa ta tayar bayan ta wuce, wadda har yau nake gaya wa mutane cewa da gangan na ɗauke ta, fasaha ce. Fuska ce kawai ta gagare ni, kuma duk laifin iska ne.

Shiri kam na yi shi har ya yi yawa. Na sayi riga da wando masu dabbare-dabbaren ganye, da hula mai raga da ke rufe fuska. Na naɗe doguwar kyamarata da koren ƙyalle don kada ta yi walƙiya a rana. Na koyi tafiyar sanɗa har yara suka daina jin shigowata, abin da ya tona asirin masu yawa a cikinsu. Ranar da za a shiga daji na tashi da duhun asuba, na yi wanka da sabulu mai ƙamshin lemo, na mulke jikina da man korar sauro tun daga wuya har idon sawu, na sa kayan da aka wanke da garin sabulu mai ƙamshin fure. Sannan na ɗan fesa turare, domin mutum ba ya fita haka kawai ko da wurin birai za shi.

Jagoran da aka haɗa ni da shi dattijo ne, tsohon maharbi da ya rataye baka ya koma rakiyar masu kallon namun dawa. Na hango shi ya ba ni baya yana ɗaure takalmi, sai na ce bari in gwada masa sanɗata. Ko rabin hanya ban kai ba ya ce, bai ko waiwayo ba, "Sannu da zuwa, Malam. Biki za mu ne?"

Na ce, "Baba, ya aka yi ka san ni ne?"

Ya ce, "Ɗana, ni da hancina ya tsufa tun daga mota na ji ka. Yau ko giwa mai mura ba za ta rasa ka ba."

Daga baya na koma na yi bincike don in ƙaryata shi, sai na tarar masana sun haɗa baki da shi. A 2014 masu bincike a Jami'ar Tokiyo ta Japan sun ƙirga ƙwayoyin halittar gado da ke kula da jin wari a jikin dabbobi daban-daban. Giwar Afirka tana da kusan 2,000, kare yana da wajen 800, ɗan Adam kuwa, mai yawan cika baki, wajen 400. Wani binciken da aka wallafa a 2007 ya fi ba ni haushi. A dajin Amboseli na ƙasar Kenya aka riƙa ajiye wa giwaye tufafin da mutane suka sa suka cire. Idan na ɗan ƙabilar Masai ne, waɗanda samarinsu kan soki giwa da mashi, sai garken ya firgita ya yi nisa da gudu. Idan na ɗan ƙabilar Kamba ne, manoma da ba su cika takura mata ba, sai tsoron ya zo da sauƙi. Wato giwa ba ta tsaya ga sanin cewa mutum ne ba, har danginka take bincikawa. Ni kuma na taho mata da lemo da fure da maganin sauro, ina tinƙaho da hula mai raga.

Muka nufi mashaya inda aka yi wata 'yar bukkar ciyawa ta fakewa. A hanya Baba ya zaro wani ƙullin tsumma daga aljihu, ya ɗaga shi ya girgiza. Toka ce a ciki. Wani siririn hayaƙinta ya fito, ya yi jim, sannan ya sulale ta gefen kafaɗarsa ta hagu. Ya ce ƙa'idar ɗaya ce tak: iska ta bugi fuskarka. In ta bugi ƙeyarka, ka aika wa dabba takarda ke nan cewa kana tafe. Ya ƙara da cewa da hantsi, idan rana ta gasa ƙasa, iska tudu take hawa, da yamma kuma in ta huce sai ta gangaro kwari ta kwanta a kan ruwa, ta taho da warin duk wanda ke zaune a bisa.

Na yi murmushi, na ciro waya na nuna masa manhajar hasashen yanayi. Ga kibiya nan ɓaro-ɓaro, iska daga gabas. Ya leƙa, ya sake girgiza tsummarsa, toka ta nufi gabas ɗin abinta. Ya ce, "Wayar taka ta taɓa zuwa kwarin nan?" A cikin kwari, tsakanin itatuwa da gaɓar ruwa, iska juyi take yi yadda ta ga dama, ba ta san da wata kibiya ba.

Mun daɗe a bukkar har ƙafata ta mutu. Can sai ga gwanki ya ɓullo daga cikin sabara, namiji, ƙato, ya kusa doki. Ta cikin madubin kyamara na ga komai: fuskar nan mai zanen baƙi da fari, dogayen kunnuwa masu tuntu a ƙarshe, ƙahoni sun lanƙwasa baya, wani tsuntsu yana tsintar kaska a wuyansa. Ya yi taku uku ya tsaya, ya yi biyu ya tsaya. Hancinsa a jiƙe yake, yana sheƙi, ƙofofin suna buɗewa suna rufewa. Bai gan ni ba, wallahi ko kallon bukkar bai yi ba, hulata ta yi aikinta. Na ɗora yatsa a kan madanni, na riƙe numfashi, ina jiran ya sunkuya ya sha don in haɗa shi da inuwarsa a cikin ruwa. Daidai nan na ji wani sanyi-sanyi ya shafi ƙeyata. Gwanki ya ɗaga kai sama, ya buɗe hanci, ya busa wani fuf mai ƙarfi, ya juya. Na danna. Bindi ya fito tsaf, har gashinsa ana iya ƙirgawa.

Baba bai ce komai ba. Ya dai girgiza tsumma a gaban hancina, muka bi tokar da kallo tana bin sawun gwanki.

Da na sake komawa na zo da dabara. Ban yi wanka ba, ban taɓa turare ba, kuma na ji an ce mafarauta kan ɓoye warinsu da warin daji. Muna cikin tafiya muka ci karo da kashin giwa sabo, tsibi guda, har yana tururi. Na naɗe hannun riga na ɗiba na shafe wando, na shafe riga, na ɗan goga a hula. Baba ya ja da baya ya tsaya yana kallona, hannu a ƙugu.

Na ce, "Yanzu fa, Baba?"

Ya ce, "Da kana warin mutum mai sabulu. Yanzu kana warin mutum mai kashi."

Bayaninsa shi ne hancin dabba ba ya cakuɗa wari, rarrabe shi yake yi ɗaya bayan ɗaya. Ga kashin giwa, ga gumin mutum a ƙarƙashinsa, ga numfashinsa, ga robar takalminsa. Duk da haka ba zan ce dabarar ba ta janyo kowa ba. Ƙudaje ne suka fara zuwa gaisuwa, suka aika aka kira danginsu. Bayansu sai ga buzuzu, wanda da wari yake gano kashi tun daga nesa. Ɗaya ya sauka a gwiwata da ƙara, ya dudduba wurin, ya kama aiki ba sallama. Ina kallo ya kankare abin da na shafa, ya dunƙule shi, ya juya ya sa ƙafafun baya yana turawa har ya gangara ta ƙwaurina ya faɗa ƙasa da kayansa. Na so in ɗauke shi hoto, amma doguwar kyamara ba ta ganin abin da ke kusa da ita haka. Dabba ɗaya tilo da ta zo wurina da ƙafarta ke nan, kuma ta yi kusa da yawa.

A wannan yinin ne dai iska ta yi mini adalci na ɗan lokaci. Wani ƙaramin garken gwanki ya sauko, mata da 'ya'ya, namijin yana biye. Ya sunkuya ya sansana ƙasa, sannan ya ɗago kai ya fuskanci bukkarmu, ya miƙe wuya, ya naɗe leɓen sama har dasashi ya bayyana, ya lumshe ido. Na danna, na danna, na sake dannawa, zuciyata fari fat. Na raɗa wa Baba, "Ka ga, murmushi yake mini."

Ya ce, "Fitsarin matarsa yake karantawa."

Haka ne kuwa. Dabbobi da yawa, irin su doki da akuya da raƙumin dawa da zaki, suna da wata gaɓa ta biyu ta jin wari a saman dasashi, wadda ake kira da sunan Jacobson, wani likita ɗan ƙasar Denmak da ya yi bayaninta a farkon ƙarni na 19. Idan namiji ya yage leɓe haka, tura warin yake yi zuwa cikinta don ya gane ko macen ta shirya ɗaukar ciki. Ita ce kuma maciji yake kai wa saƙo duk lokacin da ya zaro harshe ya mayar. Hoton ya yi kyau, ban musa ba, amma duk wanda na nuna wa sai ya ce, "Me ka yi masa yake yatsina haka?" Tun da na faɗi labarin kashin giwa ba wanda ya yarda da batun fitsari.

Daga nan na yanke shawarar cire kaina daga lissafin gaba ɗaya. Akwai kyamarar da ake ɗaurewa a jikin bishiya a tafi, ita da kanta take ɗauka idan ta ji ɗumi da motsi a gabanta. Dabarar tsohuwa ce. Wani Ba'amurke, George Shiras, tun a shekarun 1890 yake ɗana igiya a daji, dabba ta taɓa, wuta ta haska, ta ɗauki kanta hoto, har mujallar National Geographic ta buga hotunansa 74 a watan Yuli na 1906. Na kuma karanta cewa a gidan namun daji na Bronx da ke Amurka an gano manyan dabbobi dangin damisa suna mutuwar son wani turaren maza mai suna Obsession, saboda yana ɗauke da kwaikwayon warin tunkun juda, har masu bincike a Gwatamala suka riƙa fesa shi kusa da kyamarorinsu. Nawa turaren ba shi ba ne, amma na ce ai turare turare ne. Na ɗaure kyamara a wata hanyar dabbobi, na faki idon Baba na feshe ta sosai, ita da maɗaurinta. Na kwana ina mafarkin damisa.

Da safe muka tarar da bishiya da guntun maɗauri yana reto. Baba ya duƙa ya duba ƙasa, ya nuna sawu da sandarsa, ya ce, "Kura." Muka bi sawun cikin ciyawa har muka tsinci kyamarar a gindin wata suri, murfin ya rabu biyu, ko'ina ramukan haƙori. Haƙorin da ke farfasa ƙashin bauna ba roba ce za ta ba shi wahala ba. Katin ajiya ne kawai ya tsira, na zare shi na sa a babbar kyamara muka duba a nan tsaye.

Hoton farko idanu biyu ne suna ƙyalli can nesa cikin duhu. A na biyu sun matso, ga kunnuwa zagayayyu da jiki mai ɗigo-ɗigo. Na uku fuska ce cikakkiya, ta karkata kai tana nazari, kuma shi ne hoton fuskar dabba mafi kyau da na taɓa mallaka, duk da cewa ina barci aka ɗauke shi. Na huɗu hanci ne kaɗai, ya cika hoton daga gefe zuwa gefe, baƙi, jiƙaƙƙe, da 'yan tsage-tsage. Sai haƙora. Sai wani wuri ja mai duhu wanda nake kyautata zaton maƙogwaro ne. Sauran duk ciyawa ce da taurari suna juyawa, domin kyamarar ba ta daina aiki ba har aka yi nisa da ita, abin da ya kamata a yaba mata.

Baba ya ɗauki gawar kyamarar da yatsu biyu, ya kai kusa da hanci, ya dube ni. Ƙarƙashin ɗoyin miyau da mushe, ƙamshina yana nan daram. Ya ce, "Ita ma bikin ka gayyace ta?"

Na tattara ɓaraguzan na zuba a jaka na rataya, don ba a barin roba a daji. Kafin mu isa mota jakar ta jiƙa bayan rigata, rigar kuma dama ba ta gama mantawa da giwa ba. Na kama murfin gaba zan shiga, sai Baba ya ɗaga mini hannu. Ya ciro tsummarsa, ya girgiza a gaban motar da natsuwa, ya bi tokar da ido.

Ya ce, "Malam, in mota ta tashi, iska daga gaba take zuwa. Kai da jakarka ku hau baya."