Fushinmu halal ne, amma wa ya tambaye su batun Nijar?

Jiya da daddare gardama ta kaure a majalisarmu ta Ƙofar Mazugal kan zaɓen fidda gwani. Kowa ransa a ɓace, har da ni. Ina dalilin da ba za mu fusata ba? A 2022 fom ɗin takarar shugaban ƙasa a APC naira miliyan 100 ne, a PDP miliyan 40. Tun daga nan an tankaɗe talaka an rairaye. Sai a tara deliget a Abuja, a gama ƙulle-ƙulle cikin dare, gari ya waye a ce ga gwaninku. Mu namu bin layi a rana.

Wani ƙanena ya ce, "Yaya, ai ko Amurka sun yi wa manyan jam'iyya bore." Haka ne. A 2016 Trump ya kayar da 'yan takara 16 a jam'iyyarsa, har da Jeb Bush, wanda uba da yayansa duk sun yi shugabanci. Amma mu me muka gani? A 2017 gwamnatinsa ta yarda a sayar mana da jiragen yaƙi na Super Tucano 12, a 2020 kuma ta rufe wa 'yan Najeriya ƙofar bizar ƙaura. Ka rasa gane aboki ne ko akasin haka.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya yana nan kusa da gida. A Yulin 2023 sojoji suka kifar da Bazoum, shugaban Nijar. ECOWAS ƙarƙashin Tinubu ta ba su wa'adin mako guda, aka rufe iyaka, aka yanke musu wuta, har ana maganar yaƙi. Yaƙi da wa? Da mutanen Maraɗi da Damagaram, waɗanda muke auratayya da su tun kafin Turawa su ja layi? Ni hatsi nake sayarwa a Dawanau. Na ga motocin kaya sun yi cirko-cirko, na ga bashi ya maƙale tsakaninmu da abokan cinikin da muka shekara ashirin ba mu taɓa saɓawa ba. A Fabrairun 2024 aka janye takunkumin, bayan Nijar da Mali da Burkina Faso sun riga sun ce sun fice daga ƙungiyar.

A duk zaɓen fidda gwanin 2022 ban ji deliget ɗaya ya miƙe ya tambayi ɗan takara yadda zai zauna da maƙwabta ba. Mu ma masu fushin ba mu tambaya ba, wallahi wannan ya fi yi mini ciwo. Duk wanda ya zo Dawanau neman ƙuri'a nan gaba, ko da jar hula ko da tsintsiya ko da lema, tambayata ta farko ita ce Maigatari da Kwangwalam, wato iyakarmu da Nijar.