Kafin rahoto ya fito daga Janiba, tabon ya ɓace

Duk lokacin da Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan'adam ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta tsawaita wa'adin kwamitin binciken da ta kafa kan Sudan a Oktoban 2023, sai ka ji masu fafutuka suna ta murna kamar an gama aiki. Murnar me? Kwamitin bai samu izinin shiga ƙasar ba, sai dai ya bi 'yan gudun hijira zuwa Chadi da sauran maƙwabta. Wanda aka azabtar aka sako daga gidan yarin Soba da ke Khartoum ya lallaɓa wajen danginsa a Gadarif ko Maiurno, babu mai duba shi.

Sudan ta amince da yarjejeniyar hana azabtarwa a 2021, kuma sashe na 14 ya wajabta diyya da jinyar wanda aka azabtar. Amma ba ta shiga ƙarin yarjejeniyar 2002 da ke ba masu sa ido damar shiga wuraren tsare mutane ba. Masu cewa a jira yaƙi ya ƙare tukuna kafin a tattara shaidar raunuka ba su san yadda jiki ke warkewa ba.

Ga abin da ke faruwa. Wanda aka yi wa duka a tafin ƙafa, kumburin kan sace cikin 'yan makonni, a bar shi da ciwon da ke hana shi tsayawa a gona, ba tare da alamar da alƙali zai gani ba. Wanda aka ɗaure hannuwansa ta baya aka rataye shi, jijiyoyin kafaɗarsa ne ke lalacewa, har ya kasa ɗaga butar alwala. Mafi haɗari shi ne wanda ya sha duka a cinyoyi da gadon baya fitsarinsa ya koma kalar shayi: tsokar da ta farfashe ce ke toshe ƙoda, in ba a yi masa ƙarin ruwa da wuri ba sai a rasa shi. Ƙa'idar Istanbul ta 1999, da aka sabunta a 2022, ta fayyace yadda ake tattara shaidar azabtarwa: a rubuta labarin mutum da bakinsa, a ɗauki hoton rauni da ma'auni a gefensa, a sa kwanan wata, sannan likita ya faɗi matakin dacewar raunin da labarin. Ƙaramin ma'aikacin lafiya a Damazin zai iya koyon mafi yawan wannan. Amma a aikace har yanzu ana tura mai rauni ya karɓo Fom na 8, takardar da likita ke cike bayanin rauni a kai, a hannun 'yan sanda. Wa zai koma wajen masu kaki neman takarda bayan masu kaki ne suka karya shi?

Mun taɓa samun Cibiyar Amel mai jinyar irin waɗannan mutane, gwamnatin Al-Bashir ta rufe ta a 2009. Abokan hulɗa na waje sun gwammace tarukan bita a otal-otal na Nairobi da Kampala, domin nan ne ake samun hoton da za a nuna wa masu ba da kuɗi. Asusun Majalisar na taimakon waɗanda aka azabtar yana nan tun 1981. A karkatar da kuɗin zuwa ƙananan asibitocin Kassala da Sinnar, a horar da ma'aikata masu jin Hausa, domin dattijon da aka wulaƙanta ba zai faɗi abin da aka yi masa ta bakin tafinta ba.