Ku sassabe sabara, amma kada ku tone ta

Samarinmu, da ku nake. Makon jiya a hanyar Maigatari na yi kiciɓis da amalanke shaƙe da kututturen sabara, an haƙo su har saiwa za a kai kasuwa a sayar a matsayin itacen girki. Wallahi raina ya ɓaci, don na san irin gonakin da aka tono su.

Saran sabara ba laifi ba ne. Iyayenmu ma duk shekara suna sassabe ta lokacin sharar gona, su bar ganyen ya ruɓe a wurin, kafin kaka ta sake tofowa. Saiwar ce ba sa taɓawa.

Ƙasa mai rairayi irin tamu, wadda itatuwa da yawa ba sa iya zama a cikinta, ita sabara take so. Kun lura gindinta kullum a ɗan tudu yake? Ƙasar da iskar hunturu da ta bazara suka kwaso ce take tarewa, ga ganyenta da ke zuba, ga kashin awakin da ke fakewa a inuwarta. Shi ya sa geron da ke kusa da ita ya fi duhun ganye. Masu bincike a Senegal ma sun gano cewa saiwarta na nitsawa can ƙasa, da dare ta jawo danshi ta sake shi a sama, inda saiwar gero ke iya kaiwa. A shekarar da ruwa ya yi tsaiko, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Idan kuma ta fitar da 'yan furanninta masu ruwan ɗorawa, a dunƙule, ƙudan zuma na samun abin kalaci. Iyayenmu mata da ganyenta suke wankan jego, makiyaya kuma su turara shi don korar ƙudaje daga garke.

Na san babu ce ke sa ku, ba mugunta ba. To ku dubi manoman Maraɗi. Tun shekarun 1980 suka koma barin kututture ya tofo, su zaɓi rassa biyu ko uku masu ƙarfi su bari, su rage sauran. Rassan da aka rage su ne itacen, kuma baɗi ma akwai wasu. Bana in kun fita sharar gona, ku ɗauki adda, ku bar diga a gida.