Samari Masu Wasa da Babur, Ku Ji Labarin Paulo Gonçalves

’Yan uwana matasa, yawancinku kun ga bidiyon gasar Dakar, wato tseren motoci da babura a hamada, a waya: babur yana keta rairayi, ƙura ta turnuƙe, mahayin a tsaye kan ƙarfen taka ƙafa. Abin da bidiyon ba ya nuna muku shi nake so mu tattauna.

Paulo Gonçalves ɗan ƙasar Fotugal ne, ana yi masa laƙabi da Speedy saboda gudu. Ya ci kambun duniya na tseren babur a daji a 2013, ya zo na biyu a Dakar a 2015. Ranar 12 ga Janairu 2020, a zango na bakwai tsakanin Riyad da Wadi ad-Dawasir a Saudiyya, ya faɗi a kilomita ta 276. Jirgi mai saukar ungulu ya iso kansa cikin mintuna kaɗan, aka kai shi asibitin garin Layla, amma rai ya yi halinsa. Shekararsa 40, kuma karo na 13 ke nan da ya shiga gasar.

To ku duba da kyau. Mutumin nan yana sanye da hular kwano, da rigar kariya, da takalmi har gwiwa. Baburinsa na ɗauke da na'urar da ke sanar da jami'ai inda yake, likitoci na shawagi a sama, hanya babu mota babu yaro mai tsallakawa. Duk da haka faɗuwa ɗaya ta isa. Kai kuma ranar ɗaurin auren abokinka ka hau Bajaj da silifa, kai a buɗe, ka goya mutum biyu, ka murɗe totur ka ɗaga tayar gaba a tsakiyar unguwa. Wa ka tanada ya ɗauke ka? Ajali dai na Allah ne, babu musu, amma ganganci ba tawakkali ba ne, kuma mahaifiyarka ce za ta kwana a benci a bakin ɗakin ƙashi.

In koyi za ku yi da shi, ga abin koyi. A gasar Dakar ta 2016, yana kan gaba a jerin masu babur, ya tarar da abokin hamayyarsa Matthias Walkner kwance da karyayyen ƙashin cinya. Ya tsaya, ya zauna da shi sai da masu agaji suka iso, alhali a wannan tsere minti ɗaya ma dukiya ce. Ranar da shi ma Gonçalves ya faɗi, wani ɗan tseren, Toby Price ɗan Ostareliya, ya ajiye nasa baburin ya tsaya a kansa. Washegari aka soke zangon masu babur baki ɗaya saboda juyayi.

Mu kuwa da an yi haɗari sai a zaro waya ana ɗauka. Don Allah in ka tarar da wani a ƙasa, ka faka, ka tsayar da motocin da ke tahowa, ka nemo agaji. Kada ka fizge masa hula, kada kuma ku sungume shi kamar buhu, domin in wuya ko gadon baya ya taɓu, ɗaukar da aka yi masa ce za ta ƙarasa nakasa shi.